Sandar Baba Mai Madubi

Babanmu direban bas ne, kuma har gobe idan ka kira shi tsohon direba sai ya gyara maka zance: shi ne ya tsufa, tuƙin bai tsufa ba. Tun kafin a haife ni yake jan doguwar bas ɗin nan ta cikin gari, daga tashar asibiti zuwa ƙarshen layi, ya juyo, ya sake komawa. Mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Takalminsa wuri ɗaya yake kwana, kofin shayinsa ba mai taɓawa, kuma ko a falo zai gifta ta gabanka sai ya ɗan ɗaga hannu kamar mai ba da sigina. Muna yara mu yi ta dariya, Mama ta ce mu ƙyale shi, ita ma haka ta same shi.

Bai daɗe da ajiye aiki ba ciwon ya zo. Wata safiya ce, ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, hannun hagu ya ƙi. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Allah ya taimaka abin ya zo da sauƙi. Baki ya dawo, hannu ya dawo, ƙafar hagu ce kaɗai ta yi taurin kai, sai ya ja ta take bin sa. Mai gashin ƙashi ta ba shi sanda, ta ce maganin da ya rage tafiya ce, kullum, a shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawo, ba zagayen teburin falo ba.

Nan Yaya ya shigo cikin maganar. Babban wanmu ne, yana aiki a wani gari mai nisa, kuma yana son iyayensa, sai dai irin son nan da ke zuwa da umarni. Ya kira a waya ya ce ya gyara musu ɗaki a gidansa, zai ɗauki mai jinya. Idan ya samu hutu zai zo da mota. In har ya tarar Baba ba ya iya fita da ƙafarsa, to ba sauran shawara, kwashe su zai yi.

Mama ta fita baranda tana ba furanninta ruwan da ta riga ta ba su da safe. A gidan nan ta haife mu duka, ta san maƙwabta, ta san wace taga ce ba ta rufuwa sai an daka mata hannu. Baba kuwa cewa ya yi, "Nan na yi fakin, nan zan zauna." Ni ce auta, ni ce kuma nake kusa, saboda haka ni na ɗaukar wa kaina alƙawarin sai na ga ya taka.

Sa'ar da muka yi, bayan gidajenmu akwai tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka cire ƙarafunanta aka shimfiɗa kwalta. An kafa turaku a bakinta, mota ba ta shiga, babur ba ya shiga. Masu tafiya ne kawai, da masu gudun motsa jini, da masu keke. Bishiyoyi hagu da dama, benci nan, benci can, har zuwa wata 'yar gada. A nan nake guduna kafin in tafi aiki, sai na mai da gudun rakiya.

Farkon fitarmu lafiya lau. Baba yana ja, yana hutawa, yana kushe aikin waɗanda suka zuba kwaltar. Har na fara yi wa Yaya gori a zuciyata.

Sai ranar da wata mai keke ta taho daga bayanmu ta kaɗa ƙararrawa. Ba ta yi laifin komai ba, gefenta take bi, ko rigarsa ba ta taɓa ba. Amma Baba na jin ƙarar ya juya gaba ɗayansa a firgice, kafaɗa ta tafi, ƙafar hagu ba ta bi ba. Kafin in miƙa hannu yana ƙasa. Gira ta fashe, gilashin idonsa ya karye. Baiwar Allah ta yar da keken tana ta ba da haƙuri har da hawaye, shi kuma yana cewa ba komai, ba komai, ba ya kallon kowa.

Daga ranar ya jingine sandar bayan ƙofa. Na lallashe shi, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na kira masa mai gashin ƙashi a waya, ya gaishe ta da kyau ya miƙo mini wayata. Ciwon gira ya warke, Baba bai tashi ba, ƙafar kuma ta fara komawa gidan jiya, ga hutun Yaya yana matsowa. Ni kuma ba ni da dogon haƙuri, kowa ya san ni. Wata ranar Asabar na tsaya a kansa na ce, "Baba, kai da ka ratsa cunkoson bakin kasuwa da ƙatuwar bas shekara da shekaru ba ka taɓa goge ko akuya ba, yau keke ne zai zaunar da kai?"

Ya ce, "Auta, ba za ki gane ba."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na fara hango gidan nan a kulle. Na shige kicin ina wanke kwanukan da Mama ta gama wankewa. Tana tsaye tana kallona, ta bari sai da na huce.

Daga falo Baba ya ɗaga murya. "Auta, tawul ɗin nan ya faɗi bayanki, kada ki taka."

Na duba, ga tawul a ƙasa. Na leƙa falon. Ya ba mu baya, fuskarsa na wajen bango. Sai a lokacin na lura da yadda ya karkata kujerarsa: ta madubin da ke rataye kusa da agogo yana ganin ƙofar kicin, da ƙofar shigowa, da rabin baranda.

Mama ta rage murya ta ce, "Kin gani? Ubanki bai iya waiwaye ba. Bai taɓa koya ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tafiya gaba yana kallon baya a madubi, kin ɗauke shi kin tsayar a hanya, abu na tahowa ta bayansa ba ya gani. Ba keken yake tsoro ba."

Na ce, "To me ya hana shi faɗa?"

"Shi ma ban ce ya sani ba." Ta yi murmushi tana goge hannu. "Ni kaina a madubi ya fara ganina. Lokacin ina zuwa koyon ɗinki, bas ɗinsa nake shiga. Na lura madubin nan na ciki ya karkata fiye da yadda hanya ke buƙata. Watanni bai ce mini uffan ba. Ran nan na shagala, sai na ji daga gaba an ce, mai jan mayafi, kin wuce tasharki. Ko juyowa bai yi ba."

Ban tsaya jin ƙarshen labarin ba. Na sace sandar daga bayan ƙofa na nufi wajen mai gyaran keke da ke zama ƙarƙashin bishiya a bakin hanyar. Na faɗa masa abin da nake so. Ya kalle ni, ya kalli sandar, ya ce, "Anti, in haɗa mata da fitila da lamba?" Na ce ya yi aikinsa kawai. Ya tono wani zagayayyen madubin keke daga cikin tarkacensa, ya ɗaure shi ƙasa da mariƙin sandar, yana yi yana ƙunshe dariya.

Na kawo na ajiye wa Baba a cinya. Ya juya ta, ya ɗaga, ya leƙa madubin da ido ɗaya. Ya yi kicin-kicin da fuska.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Mai gyaran keke ne, Baba."

"Da gani bai taɓa riƙe sitiyari ba. Sama yake nuna mini, tsuntsaye zan kauce wa? Kuma notin bai ɗauru ba. Ɗauko mini sifana a akwatina."

Da gudu na ɗauko. Yinin ranar a kan sandar ya ƙare, ya miƙe ya gwada, ya zauna ya sassauta, ya sa Mama ta yi ta giftawa ta bayansa har ta ce ita fa tana da aikin yi. Washegari da na iso na tarar da shi a bakin ƙofa, ya sa takalmi, yana duba agogo. Wai na makara.

Mun ɗan yi nisa a kan kwaltar, ban ji komai ba tukuna, sai ya ce, "Keke na tafe. Matsa dama." Ya ɗan ja gefe a natse, ya ɗaga hannu ya ba mai keken hanya, wuyansa ko motsi bai yi ba. Keken ya wuce fuu. Baba ya ci gaba da tafiyarsa, ni kuma na tsaya ɗaura igiyar takalmin da ba ta kwance ba, don kada ya ga idona. Na manta da wa nake tare. Ya ce, "Share hawayenki ki taho, ana jiranmu."

Mutane sun yi dariya, ba zan ɓoye ba. Masu gudu suna wucewa suna waige, wasu har hoto suka nemi ɗauka. Ko a jikinsa. Wadda ta fara bin bayanmu wata tsohuwar malamar makaranta ce mai ciwon gwiwa. Ta ce ita ma ƙararrawar nan tana tsinka mata zuciya, ko za mu bari ta raɓe mu? Bayan ita sai wani mai gidan burodi da likita ya tilasta wa tafiya saboda ciwon suga, sai wata mai jego da keken jaririnta. Ba wanda ya tsara, kawai aka wayi gari Baba yana gaba, layi na bin sa, yana sanarwa: mai gudu na tafe, keke biyu a jere, a matsa dama. Bencinan hanya suka zama tashoshi. Ko ba wanda ya gaji sai an tsaya, wai ba a tsallake tasha. Mama ce a ƙarshen layi da gorar ruwa, malamar ta raɗa mata suna kwandasta.

Ba kullum ake kwana lafiya ba. Akwai ranar da ƙafar kan ƙi, a juyo daga benci na farko yana faɗa da kowa. Har yau jan ta yake yi, kuma mai gashin ƙashi ta ce wataƙila haka za ta zauna. Amma washegari yakan sa takalmi.

Yaya ya iso ba sanarwa, da sassafe, kafin ranar da ya faɗa. Ya tarar da gida a kulle, ya kira ni hankali a tashe, yana tambayar wane asibiti muke. Na raɗa masa ya biyo hanyar bayan gida, ban gaya wa kowa ba. Can na hango shi yana tahowa da sauri, da takalmin ofis, mukullin mota a hannu. Da ya matso ya ga wanda ke jan layin, sai ya rage tafiya, ya tsaya cak a tsakiyar kwalta.

Baba bai juya ba. Ya ce, "Kai mai farar riga, ko ka wuce, ko ka shiga layi. Ba a tsayawa a tsakiyar hanya."

"Baba, ni ne."

"Na sani. Tun daga wajen mai gyaran keke nake ganinka."

Yaya ya taka zuwa ƙarshen layi. Mama ta miƙa masa gorar ruwa, ya karɓa, ya shiga bayanta. Haka muka tafi har gada. A bencin ƙarshe ya durƙusa gaban Baba ya gaishe shi, sannan ya ce ɗakin dai yana nan an gyara.

"A bar shi a gyare," in ji Baba. "Za mu zo ziyara. Mu kwana biyu mu dawo, ina da fasinjoji."

Yaya ya zura mukullin motar a aljihu, bai sake tayar da maganar ba.

Da aka huta Baba ya dogara sandar ya miƙe, layi ya haɗu a bayansa. Na ga ya sa yatsa ya ɗan karkata madubin, fiye da yadda hanya ke buƙata. Daga can ƙarshen layi Mama ta gyara mayafinta.

Ta ce, "Direba, kalli gabanka."