Likita, Ɗaga Ni

Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin wankin asibiti, ba ta taɓa riƙe allura ba, amma Likita mijinta yake kiranta, har unguwa ta ɗauka. Akwai ranar da wata baƙuwa ta kawo mata jariri da zazzaɓi, sai da ta rantse cewa ita zanen gado take gogewa. Ita kuma Jarumi take ce masa, mutumin da in ya ga kyankyaso a banɗaki sai ya fito ya kira ta. Gyaran kayan lantarki ne sana'arsa.

Daga wasa sunayen suka fito. Farkon aurensu wani ya kawo masa gyaran akwatin wasa, irin wanda ake jonawa da talabijin, daga baya ya ce ya riƙe. Wasa ɗaya ne a ciki. Ƙasa ce ta duwatsu da dodanni, mutum biyu ke ratsa ta, ɗaya da takobi, ɗaya da sanda mai warkar da rauni, kowa da rimot ɗinsa. Kuma hoton ba ya matsawa gaba sai dukansu sun taka. In ɗaya ya tsaya, ɗayan sai dai ya yi ta tafiya a wuri guda a gefen allo.

Shi bai taɓa duba jan layin da ke nuna sauran jininsa ba. Da ya hango dodo sai ya afka, a kwantar da shi.

"Likita, ɗaga ni!"

"Ba zan ɗaga ba. Wa ya aike ka?"

"Haba Likita, mijinki ne fa a ƙasa."

"Mijina mai hankali ne. Wannan ban san shi ba."

Sannan ta danna, haske ya sauka masa, ya miƙe ya sake afkawa.

Da haka suka kai ƙofar ƙarshe, wata baƙar ƙofa a ƙarshen gada. Ya ce kar a buɗe yau, in an buɗe wasa ya ƙare, me za su yi ranar hutu? Suka adana a nan. Sai ga haihuwar 'yarsu, ga yawan aiki, akwatin ya hau saman kabad ya zauna shekara goma sha tara.

Wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi ya kife. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Aka sallamo shi gida, ita ce mai ɗaga shi daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki. Duk ɗagawar da za ta yi sai ya runtse ido, in ta ajiye shi ya juya fuska bango. Wata huɗu bai ce uffan ba. Mai gashin ƙashi ta gaya mata gaskiya a bakin ƙofa: harshen bai mutu ba, hannun hagun lafiyarsa ƙalau, shi ne ya ƙi. Kuma in ya ci gaba da ture kwano haka, ba zai daɗe ba.

'Yan dubiya kuwa, da ma sun zauna a gidajensu. Su cika ɗaki, su tsaya a kansa kamar tsohon firji, su ce, "Yana gane mutane kuwa?" Yana ji! Mutumin da ya gyara musu fanka da dutsen guga shekara da shekaru, babu mai gaishe shi kai tsaye, sai dai a tambayi matarsa ya ya kwana. Shugabarsu ita ce yayarsa, wadda ke zama da shi in Likita ta tafi aiki.

Ranar da ta hau kujera ta sauko da akwatin, Yaya tana nan.

"Me zan gani? Mijinki a kwance, ke kuma wasan yara?"

"Ba ni za a yi wa ba, Yaya, shi ne."

"Da wane hannun? Gaskiya ba ki da tausayi. Mace da furfura!"

"Furfurata ce. Matsa min in kai ga soket."

Yaya ta ɗauki jakarta tana tsaki. Likita ta hure ƙura, ta jona waya, kiɗan nan ya tashi. Ga mai takobi da mai sanda tsaye a kan gada yadda suka bar su, ba su tsufa ko da kwana ɗaya ba. Ta ga idonsa ya bar bango.

Rimot hannu biyu yake so, hagu na tafiya, dama na sara. Ta zauna a damansa, ta ɗora nasa a tsakaninsu, ta sa babban yatsansa na hagu a kan madannin tafiya, ita ta riƙe na sara. Nata ta bar shi a tabarma. Ya daɗe bai motsa ba. Can wani dodo mai ƙaho ya hawo gadar, yatsan ya danna da kansa. Ya afka, kamar kullum, ita tana ta sara masa, ta manta sam babu mai riƙe da mai sanda. Aka kwantar da mai takobi. Lambobi suka fara sauka, goma, tara, takwas, in sun ƙare ya mutu.

Me ta yi ke nan? Ta ɗauko mutum ta nuna masa kansa yashe a ƙasa.

"Ɗa… ɗaga ni."

Muryar ta fito a murɗe, da yawu a gefen baki. Ta zabura ta jefar da rimot, ta cusa hannuwa a hammatarsa, ta fara cicciɓar shi daga kujera yadda ta saba. Ya maka mata hannun hagu a kafaɗa, yana nuna talabijin da haɓa.

"Likita!"

Kafin ta rarumo rimot ɗinta lokaci ya ƙare, mai takobi ya mutu. Shi kuwa dariya yake yi da rabin baki, har da tari. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar takalmin.

"Wa ya aike ka?" ta ce, tana share hanci.

Mako shida suka samu. Da ta dawo daga aiki da la'asar sai ta ɗora nata rimot ɗin a cinya, hannu ɗaya nan, ɗaya can. Ya koma cin abinci, ya tara kalmomi kamar ashirin, rabinsu na tsokana. Ƙofar dai bai yarda ba. Da sun nufe ta sai ya juya mai takobi baya.

Shanyewa ta biyu ta same shi da tsakar rana, tana wurin guga. Kafin a kira ta, kafin ta samu mota, ya cika. Yaya ce ta ba ta labari, tana kuka, don ita ma ƙanenta ne.

"Yana ta cewa a ɗaga shi. Na ɗaga shi, na sa masa matashi, bai daina ba. Sai kiran likita yake, likita, likita. Na ce masa ya yi haƙuri, an kira motar asibiti."

Likita ta juya ta kalli akwatin wasan. Ita ta san ɗagawar da yake nema.

Da mutane suka watse, 'yarta ta koma gidan mijinta, Yaya ta nemi a ba jikokinta akwatin, tunda ba shi da sauran amfani. Likita ta ce a'a. Har yau tana zuwa aiki, tana ninke zanen gado kusurwa kan kusurwa, unguwa na kiranta Likita tana amsawa.

Ranar hutu ta kunna. Ta ce bari ta buɗe ƙofar nan ta ga abin da ke bayanta, a gama. Ta ɗauki rimot ɗinta, mai sanda ta taka gada, ta kai gefen allo. Hoton ya ƙi matsawa. Mai takobi yana tsaye a baya, takobinsa a ƙasa. Nasa rimot ɗin yana kan hannun kujera, miƙa hannu kawai za ta yi. Ba ta miƙa ba. Ta juyo da mai sanda, ta dawo da ita kusa da shi, ta tsayar.