Maƙwabciyata da ba zan kama sunanta ba

Da safiyar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, na leƙa gidanki don in ari rariya. Na tarar da ɗiyarki Wasila zaune bakin ɗaki, ta ɗora hannuwa bisa gwiwa. Na ce ina tsohuwa? Ta ce, "Inna Balki, ta yi tahiya." Ni kuwa na ce, "Garin Tajaye ta nufa? Ba ko sallama?" Sai da na juya na ga maza suna shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, sannan na gane irin tafiyar da take nufi. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ba zan rubuta sunanki a nan ba. Duk mutumin Malbaza da ya karanta ya san wa nake nufi: Buzuwar nan ta arewacin Abalak da ta zo da mijinta jandarma, ya rasu nan, ta zauna cikinmu har ta tsufa. Ke kika koya mini cewa a wajenku ba a kama sunan wanda ya rasu. Bayan rasuwar maigidanki na lura ba ki sake ambatonsa ba, na tambaye ki ko faɗa kuka yi kafin ya cika. Kika yi murmushi kika ce, "Balki, nauyinshi ne ya hi bakina."

Mun daɗe ba mu gane ki ba. Kina gaisawa da maza fuska a buɗe, kina mayar musu da wasa, muka ce ba ki da kunya. Amma ko ruwa ba ki taɓa sha ba a gaban maigidana, don ya girme ki. Ashe kunyarki tana wani wuri ne, mu kuma muna nemanta inda tamu take. Ni hatsi nake sayarwa. Na san tiyarmu da mudun mutanen ƙetaren iyaka ba ɗaya ba ne, kuma ban taɓa kiran wani ɓarawo a kan haka ba. Da aka zo kan halin mutum, awo ɗaya muka riƙe wa kowa.

Lokacin da aka yi mini aiki a likita, mata sun cika ɗakina da sannu, na kuma gode musu. Ke sau ɗaya kika shigo, kika dube ni, kika fita. Daga baya na ji cewa ke ce ke surfa hatsin gidana, ke ce ke wanke wa yara kayan lakwal, wato na makaranta, kina gamawa ki tafi kafin a farka daga barcin rana. Da na zo godiya, kika ɗora shayi kika shiga ba ni labarin akuyarki mai satar gari. Godiya tana ba ki kunya kamar yadda zagi yake ba wasu.

Abin da ya sa ni rubutun nan ya faru ranar sadakar uku. Kin san an sa ranar Wasila da Zayyanu, ɗan yayana Na'Allah, bayan ƙaramar Salla. Uwar Zayyanu, Suwaiba, ta zo gaisuwa. Cikin taron mata ta ce, "Wasila, hwaɗa muna sunan uwarki cikakke, malam za shi sa cikin addu'a." Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah Ya san ta." Dama an lura ba ta yi kuka ba tun ranar farko. Da muka fito, Suwaiba ta ja ni gefe ta ce, "Kin gani ko? Ɗiyar da ba hawaye, ba ta ko iya kiran sunan wadda ta haihe ta, mi za ta yi mini in na kwanta ciwo?"

Ina da amsa a bakina, ke kika ba ni ita. Amma matar yayana ce, ga mata sun kewaye mu suna gyaɗa kai, sai na ji kaina ina cewa, "Allah dai Ya kyauta." Abin da na iya ke nan, ana auna tarbiyyar da kika yi a ƙofar gidanki. Washegari da hantsi na hangi Wasila ta kan katanga a garken awaki, ta kifa fuska a jikin akuyar nan tana kuka ba sauti. Na sauke kaina don kada ta san na gan ta.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa abin da kika yi wa gidana a ɓoye ya tarbe ki a fili. Ina miƙa ta'aziyya ga Wasila, da ƙanenki Agali da ya zo daga Abalak, da dukan dangi na nan da na arewa. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya kyauta namu ƙarshe.

Shekaranjiya Na'Allah ya aiko cewa a dakata da maganar biki sai ya yi shawara. Gidansa yana bayan masallaci, ko kabu-kabu ba sai na hau ba. Shi yana jin maganata in na buɗe baki. Yau kwana biyu ina ɗaura zane in kwance, har yanzu ban je ba.

Balki mai hatsi, Malbaza