Tsakar gida mai cin tabarma talatin

Shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da lissafi a makarantar sakandare a Gadarif, kuma ban taɓa shiga ajin da ba a samu wani ya tambaye ni amfanin abin da nake koyarwa ba. Nakan ba su amsar littafi: gadoji, jiragen sama, tafiyar taurari. Ni kaina ban taɓa gina gada ba. Amsar gaskiya ba ta zo mini ba sai shekarar da na tashi neman gidan da mahaifiyata za ta yarda ta koma.

Tsohon gidanmu yana bakin kwari, a kan baƙar ƙasar nan tamu mai kumbura da damina ta dare da rani. Dawa da riɗi suna sonta, gini kuwa ba sa shiri da ita. Bangon ɗakin Inna ya tsage daga tushe har rufi, tsagar da nake zura hannuna a ciki. Maginin da ya liƙe ta sau uku ya ce na huɗu ba da shi ba, domin bangon ba zai ga ƙarshen damina mai zuwa a tsaye ba. Saura wata huɗu ruwa ya sauka.

Inna ba ta ce ba za ta tashi ba. Sharaɗi ta kafa, wanda ya fi ƙin tashin wuya. Kakana ya taso daga yamma a ƙafa, ya sauke farali, a hanyar komawa ya tsaya nan don ya yi noman shekara guda, shekarar nan ta cinye sauran rayuwarsa. Tun daga kansa, duk lokacin kaka idan masu yankan riɗi suka sauka daga lori suna jiran a kwashe su zuwa gonakin Gedambaliya, a tsakar gidanmu suke sauka. Su yi kwana biyu ko uku, su ci tuwo, su wuce. Ba a tambayar mutum ɗan wane ne. Bayan rasuwar mahaifina, Inna ce ta riƙe abin.

"Ka nemo gidan da tsakarsa za ta ci tabarma talatin," in ji ta, "da wurin ɗora tukunya. In ka samu, ka zo ka ɗauke ni. In ba ka samu ba, ni da bangon mun saba."

Dillalan kasuwa sun yi ta yawo da ni har takalmina ya gaji. Matata, wadda ke aikin jinya kuma ta fi ni sanin zamani, ita ta nuna mini shafukan intanet da ake tallar gidaje a cikinsu. Na sha mamaki da farko. Mutum yana zaune ƙarƙashin rumfa da shayinsa, gidajen gari suna wucewa ta gabansa kamar ɗalibai ranar duba tsafta. Akwai gurbin zaɓen yawan ɗakuna, da na banɗaki, da na tayil, da na tankin ruwa. Na duba sama da ƙasa, babu gurbin tabarma. Suna rubuta faɗin filin gaba ɗaya, amma wannan bai gaya maka komai ba, domin mutanen yanzu sukan cike fili da ɗakuna su bar wa tsakar gida abin da akuya za ta juya.

Gidan farko da ya burge ni, a hoto tsakarsa ta yi kama da filin Idi. Na ɗauki Inna a mota muka je. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta dubi gabas, ta dubi yamma, duban bai ɗauki lokaci ba domin babu nisa tsakaninsu. Ta tambayi dillalin ko sauran gidan yana bayan wancan bangon ne. Ya ce nan ne iyakarsa. Ta yi masa godiya, ta koma mota. A hanya ta ce da ni kada in ƙara motsa mata gwiwoyi saboda hoto. Daga baya matata ta bayyana mini cewa wayoyin yanzu suna da idon da ke miƙe wuri, mai ɗauka ya tsuguna a kusurwa, ɗakin kaji ya fito kamar masallacin Juma'a.

Na yi kwanaki ina jin haushi, irin haushin malamin da aka shigar masa da takardar satar amsa har gaban idonsa. Wata la'asar ina sake duban wannan hoton, sai na lura da abin da mai ɗaukar bai iya miƙewa ba. Bangon ba a shafe shi ba, bulo a fili. Hoto yana iya ja wa bulo tsawo, amma ba ya iya ƙara masa yawa. Na san tsawon bulo guda, na kuma auna tabarmar Inna: bulo biyar a tsawo, biyu da rabi a faɗi. Na buɗe hoton da yatsu biyu na ƙirga. Tsakar gidan da ta yi kama da filin Idi tabarma tara take ci.

Daga ranar aikin ya zama nawa. Kowace rana in na dawo daga makaranta, sai in ajiye littattafan yara gefe, in ɗauki waya da jan biro. Inda bango yake da shafe, sai in nemi ƙofa ko gangar ruwa in auna da ita. Inda aka kewaye da kwano, fallayensa ma suna ƙirguwa. Gidan da mai shi ya nuna falo ta fuska shida bai nuna waje ko sau ɗaya ba, na san abin da yake ɓoyewa. Matata ta ce ba ta taɓa ganin mutumin da ke gyaran jarrabawar gidaje ba. Na ce mata mafi yawansu ma sun faɗi.

Wata biyu suka wuce a haka, iska ta fara ɗauko ƙanshin ruwa daga kudu, ni kuwa in na shiga gaida Inna idona yana kan tsagar. Sai na juya tsarin neman. Maimakon in fara da gidajen da shafin ke turowa gaba, masu fenti da fitilu, na gangara can ƙasa inda tallar da ba wanda ya kula take taruwa. A nan na sami gidan. Hoto uku ne, dukansu a karkace, a ɗaya ma ana ganin yatsan mai ɗauka. Bayanin ya yi kama da neman gafara: ɗaki uku kawai, sauran fili ne, ba a samu ikon ƙarasa ginin ba. Unguwar tana kan tudu, ƙasarta mai tsakuwa. Na ƙirga bulo sau biyu, na sake na uku kamar mai tsoron a kama shi da kuskure a allo. Sahu uku, kowanne tabarma goma sha ɗaya. Talatin da uku.

Na je na gaya wa Inna. Ta ce wancan karon ma da irin wannan fuskar na zo. Na ce wancan karon ido na bi, yanzu ƙirga na yi. Ta ce a naɗe mata tabarma ɗaya a sa a mota.

Mai gidan dattijo ne da ya yi ritaya daga tuƙin tarakta, zai koma wurin 'ya'yansa a Showak. Tun daga ƙofa ya fara ba da haƙuri a kan ɗakunan da bai gina ba. Inna ta nemi kujera ta zauna a inuwa, ta miƙo mini tabarmar. Haka na yi ta shimfiɗawa ina kifawa, ina ja da gwiwa cikin farar jallabiyata, ita tana ƙirgawa da carbi. Dattijon ya matso kusa da ita ya rage murya.

"Hajja, ustaz ɗin lafiya yake kuwa?"

"Lafiya lau. Karatunsa muke dubawa."

Da na kai ƙarshen sahu na uku, ta ce talatin da ɗaya. Na ce da uku ne, Inna, ga shi a rubuce. Ta nuna mini kusurwar da ruwan alwala ke gangarawa, ta ce ba a shimfiɗa wa baƙo a can, sai dai in ni zan kwana. Ban yi gardama ba. Ta miƙe da sandarta, ta taka zuwa gindin wata bishiyar darbejiya, ta dangwala ƙasa ta ce nan murhu zai zauna. Wannan ce amincewarta, ba ta ƙara wata a kai ba.

Mun kwashe kaya saura mako biyu ruwan fari. A tsakiyar damina bangon tsohon ɗakinta ya zube, a kan wurin da gadonta yake a da. Na je na gani, na daɗe a tsaye, ban gaya mata ba sai da ta ji a bakin maƙwabta.

Da kaka ta zo, mun bar saƙo wurin mai shayin tasha cewa a nuna wa baƙi sabon gida. Amma akwai wani tsoho daga wajen Ƙala'at an-Nahal da ke sauka wurinmu tun zamanin mahaifina, shi ba ya tambayar hanya. Kai tsaye ya nufi bakin kwari, ya tarar da kango da ɗaki a rushe. Ya zauna a kan tarin ƙasar ya yi wa Inna addu'a mai tsawo, ya nema mata gafara da rahama, sannan ya dawo tasha yana share ido. Can aka gaya masa ƙaura kawai muka yi. Ya shigo mana da hantsi, ya same ta tana faɗa a kan an cika wa miya gishiri. Ya tsaya baki buɗe, ya ba ta labarin abin da ya yi.

Inna ta ce ta karɓa, a ajiye mata, za ta yi amfani wata rana. Sannan ta ce ya wanke hannu, tuwo yana hucewa.