Ruwan da ta buɗe

A lokacin ina 'yar shekara talatin da 'yan kai, ina tsinkar tumatir a gonakin rani na wajen Kura. Bakina ba ya hutawa, har abokan aiki suna ce min rediyo mai jini, ni kuma ina jin daɗin sunan.

Gonar da ke jikin wadda nake wa aiki ta wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. A wajenmu ruwa bi da bi ne, kowa da ranarsa. Amma duk ranar tata sai manomin da ke samanta ya toshe magudana da buhunan ƙasa, wai sai maza sun gama. Ta kai ƙara har ta gaji, tumatirinta ya fara yaushi. Wata rana da hantsi ta je za ta janye buhunan, ya hankaɗa ta ta faɗi, ta tashi ta maka masa fartanya a ka. Ya zube. Ta kira sunansa, shiru. Magudanar a bushe take ƙayau, sai ta ruga ta janye buhunan, ruwa ya taho, ta riƙa ɗebowa da tafin hannu tana yayyafa masa a fuska tana salati. Bai farfaɗo ba, nan ya cika. Ni kaɗai ce a kusa.

Da ɗan jarida ya zo ya tambaye ni abin da ta yi bayan mutumin ya faɗi, sai na ce ta je ta buɗe ruwa. Nan na tsaya, domin 'yan uwan mamacin na tsaye a kaina, kuma a gonarsu nake cin abinci. Washegari na ji muryata a rediyo, ana cewa ga macen da ta kashe rai ta wuce ban ruwa. A kasuwa wasu suka ce mayya ce, wasu suka ce da ma ita ta kashe mijinta. Alhali a baya an yi wani faɗan ruwan tsakanin maza har aka rasa rai, aka ce tsautsayi ne, dattawa suka sasanta.

A kotu lauyan gwamnati ya ce in amsa da e ko a'a kawai: ta buɗe ruwan ko ba ta buɗe ba? Na ce e. Aka yi mata ɗauri mai tsawo, alƙali yana cewa ba ta nuna ko ɗigon tausayi irin na mata ba.

Sai bara na iya zuwa gidan yari na gan ta. Ta rame, furfura ta fito. Ba ta zage ni ba, kuma wallahi da zagin ta yi da ya fi min sauƙi. Abu ɗaya ta roƙe ni, in gaya wa 'ya'yanta inda ruwan nan ya zuba, don manemansu suna ta gudu. Na je na gaya musu. Babbar ta dube ni ta tambaya me ya hana ni faɗin haka a rediyo.

Na gaji da ɗaukar wannan abu ni kaɗai. Na gane cewa idan mace ce ta yi kisa, mutane sun riga sun gama labarinta, baki ɗaya kawai suke jira ya gaskata musu. Ba na cewa ba ta yi laifi ba, rai ta kashe. Amma 'yan uwa, in an tambaye ku shaida, ku faɗa duka ko da murya na rawa. Ni ban yi ƙarya ko kalma ɗaya ba, kuma ni na rufe ta.