Ticha Yidana da Kwanon Ƙanƙara

A unguwar Nyohini, duk wanda ya yi makarantar bayan masallaci ya san Ticha Yidana, dogon nan mai keke da ke koyar da sayans, wato kimiyya, tun iyayen yaran yanzu suna ɗalibai. Mutum ne mai sanyin murya. Ko kwalba yaro ya fasa, hannun yaron yake fara dubawa.

Bana yanar ido ta soma rufe masa gani. Magana ta kai kunnen shugabar makaranta, Madam Zalia, ta ce za ta zauna a ajinsa ta gani. In aikin ya gagara, sai ya ajiye alli. Shi kuwa tun rasuwar matarsa ajin nan ne gidansa.

Ranar da ta zo, darasin gwada tamomita ne, ma'aunin zafi. Ya sayo ƙanƙarar piya wata, ruwan ledan nan, ya farfasa a kwano, ya tsoma ma'aunin.

"In lafiyarsa lau, zai tsaya a sifiri. In ya wuce, mun san kuskurensa, sai mu riƙa cirewa."

Ya sunkuya. Allah Sarki, jan zaren nan na cikin ma'aunin ya ɓace masa. Lamisi da ke bencin gaba ta lura. Ta zaro ma'aunin, ta dunƙule gindinsa a tafin hannu, ta kai masa dab da ido.

"Ticha, ga shi kusa. Ya kai goma... a'a, sha biyar!"

"Ƙanƙarar nan zazzaɓi take yi!" in ji Fataw, sarkin surutun aji. Kowa ya fashe da dariya.

Ticha Yidana ya juya wajen Lamisi. "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amma zafin hannunki kika auna. Mayar da shi, mu za mu sunkuya wurinsa." Ya juyo ga aji. "Idona ya gaji, ba na ganin zaren. Ku zo ɗaya-ɗaya, ku durƙusa daidai da shi, ku faɗa mini."

Wannan ya ce ɗaya, waccan ta ce biyu, mai leƙe daga sama ya rantse sifiri ne. Ya sa suka yi ta maimaitawa har baki ya zo ɗaya: ma'aunin ƙarin ɗaya yake yi.

Madam Zalia ta taso, ta tattare zani, ta durƙusa cikin yara. Ta daɗe tana kallo.

"Ni ɗaya da rabi na gani," ta ce a hankali. "Ticha, gobe na tafasasshen ruwa ne ko? Kada ka wahala, ni zan kawo gawayi."