Lahadin da Na Bar Ƙofar Mama

A lokacin ina tela a unguwar Rikkos, ban yi aure ba, ga ƙuruciya ga ganin na fi kowa wayo. Shagona yana kallon gidan wata dattijuwa Kirista da mijinta ya rasu, duk layin Mama muke ce mata. Injin markaɗe ne abincinta, da shi take riƙe jikokinta biyu a makaranta.

Akwai al'adar da na tarar a layin. Ranar Juma'a idan mun tafi masallaci, Mama ce ke fito da kujera ta tsare mana ƙofofi. Ranar Lahadi da safe idan Kiristocin layin sun tafi coci, mu ke zama. Ta sha gaya mini ɓarawon unguwa ya fi limami da fasto sanin lokacin ibada, domin sa'ar nan ce layi ke zama ba kowa. Ni kuwa dariya nake yi, a ganina ɓarawo sai dare, dare kuma akwai 'yan sintiri.

Wata Lahadi zama ya faɗo kaina. Mama ta leƙo cikin kwalliyar coci ta ce ga gida nan, na ce ta tafi hankali kwance. Ba ta yi nisa ba abokina ya kira, wai an sauke yadi mai araha a Bukuru. Na kulle shago na hau bas. Na dawo kafin a tashi daga coci, sai na ga ƙofarta a wangale, an ɓalle kwaɗo, an kwance injin an tafi da shi. Daga baya wata mai wucewa ta ce ta ga mutum uku suna loda shi a keke napep, ta ɗauka masu gyara ne, tunda rana tsaka ce kuma ba wanda ya rufe fuska. Na cusa yadin da na sayo ƙarƙashin tebur. Da Mama ta dawo ta tambaye ni, na ce zazzaɓi ne ya kwantar da ni, ban ji komai ba. Idonta cike da hawaye ta yi mini sannu, da yamma ta aiko mini da magani.

Juma'ar da ta biyo, na fito zan tafi masallaci, ga ta zaune a kujerarta tana kallon ƙofata. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Bayan wata uku ta koma wajen 'yarta a Daɗin Kowa, jikokin sun riga sun bar makaranta, zaman tsaron ma ya mutu a layin.

Jama'a, ɓarawo ba duhu yake jira ba, lokacin da kowa ya juya baya yake jira. In maƙwabci ya bar muku ƙofarsa, ku zauna. Mama ta rasu bara, tana ganin zazzaɓi ne ya kwantar da ni, ban nemi gafararta ba.