Badamasi da Ƙofar da Ya Ƙi Buɗewa

Kullum kafin ƙarfe takwas Malam Badamasi Karakkai yakan jingina babur ɗinsa a gindin dalbejiyar wani ofishi a Gusau, inda ake tara bayanan marasa lafiya daga ƙananan asibitocin Tsafe da Bungudu. Ɗakinsa yana can ƙarshen baranda, ba taga. Daga shi sai kwamfuta da fanka. Shekara goma sha tara ke nan, ba a tuna shi sai abu ya lalace.

A cikin kwamfutar akwai manhajoji da dama, kowace a akwatinta, kuma sai sun tashi tare aiki yake tafiya. Wata Litinin suka ƙi tashi. Allon ya nace a kan magana ɗaya: ba ka da izini.

Hajiya Hafsatu, mai shigar da bayanai, ita ta ba ni labarin. Ranar Asabar shugaban ofishin, Alhaji Ɗantsoho, ya kawo baƙi zai nuna musu ci gaba. Kwamfutar tana da ƙaramin asusun shiga na aikin yau da kullum, da babba mai iko da komai. A wajenmu kuwa babban mutum ba ya shiga ta ƙaramar ƙofa. Alhaji ya tayar da manhajojin da babban asusu, duk fayil ɗin da suka taɓa ya koma mallakin babban asusun, ƙaramin asusu ya zama baƙo a gidansa.

Ran Litinin ɗin Alhaji ya leƙo. "Badamasi, an ce akwai layi ɗaya da ake rubutawa kowa ya samu izini. Rubuta mu wuce, Tsafe na jira."

"Akwai, ranka ya daɗe. Amma in na rubuta, duk mai yatsa a ofishin nan zai karanta ciwon matan mutane."

"To wa zai karanta?"

"Wanda bai kamata ba. Shi ke fara karantawa."

Alhaji ya ce taurin kai ne, ya tafi rubuta masa takardar tuhuma. Badamasi ya ja kujera. Ya bi fayilolin rukuni-rukuni yana duba na wa ne, yana mayar wa kowanne mai shi, bai ƙara wa kowa izinin da ba shi da shi ba. Salla kaɗai ta tayar da shi. Gab da la'asar akwatunan suka tashi. Rahoton wata ya ce an samu tangarɗa daga sashen kwamfuta. Sashen kwamfuta mutum ɗaya ne.

Badamasi, kai ne mai gadin da ba a yi wa sannu. Ba ka san ni ba. Amma a cikin fayilolin nan akwai na matata Aziza, Allah ya jiƙanta. Abin da ta faɗa wa likita a Bungudu cikin sanyin murya, ko ni ban ji dukansa ba. Saboda kai, masu hira a baranda ma ba su ji ba.

Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki. Ban ji ana shirin walima ba, takardar tuhumar kuma tana nan a fayil ɗinka, wanda kowa ke da izinin buɗewa. Na gode, Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa nata. Wanda zai gaji kujerar nan, ran da aka ce masa ya rubuta layin nan ɗaya, ya ja kujera ya zauna.